Balad an raya ta, Sabil an share ta: wa ke yanke hukuncin, kuma da wane ma'auni?

DanSabil_77
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun daren Juma'a, na ce bari in kawo shi nan ko masu sani za su warware min.

Mijin ƙanwata ne ya zo Umra daga Kano, da ya gama na ɗauko shi Jidda ya kwana biyu kafin jirginsu. Bayan isha'i na kai shi Balad, tsohon garin Jidda. Wallahi wurin ya yi kyau. Muka shiga ta Bab Jadid muka gangara har Baitu Nasif, ga darbejiyar nan a ƙofar gidan, ga tagogin katakon nan da ake ce wa roshan an gyara su tsaf, wasu kore wasu ruwan ƙasa, fitilu ko'ina. Baƙona sai ɗaukar hoto yake yi.

Da za mu koma sai ya ce in nuna masa gidan da aka haifi matarsa. Na bi da shi ta unguwar Sabil. Fili ne fetal. Na fito daga mota na tsaya, ni da na yi shekara talatin da wani abu a unguwar, na kasa gane inda lungunmu yake. Sai da na auna da hasumiyar wani masallaci sannan na ce masa ina jin wajen nan ne.

To ga tambayata. Daga Balad zuwa Sabil tafiyar ƙafa ce. Can tsofaffin gidaje, nan tsofaffin gidaje. Can lunguna masu ƙunci, nan ma haka. Amma ɗaya an ce tarihi ce ana kashe mata miliyoyi, ɗaya an ce ashwa'i ce, wato marar tsari, aka rubuta "ikhla", wato a tashi, da jan fenti a bangonta. Wace hukuma ce ke raba wannan da wancan? Me take dubawa? Ba faɗa na zo yi ba, sani nake nema.

Ummu_Hafsa
Wa alaikumus salam. Yaya, ka taɓo min inda ke min ciwo. Mu 'yan unguwar Gulail ne, ita ma rusau ɗin ya ci ta. Har yau in mota ta bi da ni ta wajen, kawar da kai nake yi.

Injiniya_Kilo7
DanSabil, tambayarka a kan hanya take. Abu na farko, ba hukuma ɗaya ba ce. Balad tana ƙarƙashin wani shiri na musamman na Ma'aikatar Al'adu, shi ke kula da tsohuwar Jidda. Rusau ɗin da 'yan Jidda ke kira hadad kuwa, kwamitin unguwannin ashwa'i na lardin Jidda ne ya gudanar da shi tare da Amana, wato hukumar birni, daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022. An dakata a watan azumin 2022, bayan sallah aka ci gaba. Unguwanni sama da 60 aka lissafa, wasu aka share su gaba ɗaya, wasu aka ce gyara za a yi musu.

Na biyu, kalmar ashwa'i ba tsufa take nufi ba. Ma'anarta unguwar ta tashi ba tare da mukhaɗɗaɗ ba, wato ba a zana ta a taswira an yanka fulotai da tituna hukuma ta sa hannu ba. Yawancin gidajen ba su da izinin gini, da yawa kuma ba su da sak, takardar mallakar fili.

Balad kuwa ita ce ainihin garin da ganuwa ta kewaye har 1947 da aka rushe ganuwar. Tun wajen 1980, zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farisi, aka bi gidajenta aka ƙidaya aka kasa su daraja uku, aka hana taɓa su ba izini. A 2014 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya, kuma yankin da aka yi wa rajistar bai cika hekta 18 ba. A 2019 aka ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke shirin faɗuwa. Su Sabil da Gulail da Karantina da Betromin duk bayan faɗuwar ganuwa suka tashi, da bulo da siminti. Bambancin ke nan a idon masu tsara birni.

Baba_Hindawiyya
Injiniya, Allah ya ƙara ilimi. Amma ɗana, akwai gyara a maganarka ta ƙarshe.

Ba bayan faɗuwar ganuwa mutane suka fara zama a waje ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a ƙafa ya taso daga ƙasar Haɗeja. Shekara bakwai ya yi a hanya, ya yi noman ƙodago a Chadi, ya tsinci auduga a Jazira ta Sudan, sannan ya hau jirgin ruwa daga Sawakin. Da ya sauka Jidda ganuwa tana tsaye, ana rufe ƙofofi da dare. Kuma ya tarar da Takari, mutanenmu na Afirka ta Yamma, a wajenta ta kudu, cikin bukkoki, wurin da dattawa ke ce wa Nakatu. Su ma ya tarar da su ne, ba su suka fara ba.

Ya sha gaya mana cewa da asuba suke shiga gari. Wasu ga-ruwa, wasu dako a bakin teku, wasu wanki, wasu ɗaukar dutse wa magina. Shi kansa ya yi shekaru yana hawa da garwar ruwa har hawa na huɗu a irin gidajen da kuka je kuna ɗaukar hoto. Kafaɗarsa ta dama har ya rasu akwai kanta a wurin, muna yara mukan taɓa.

Abin da nake so ka gane, ɗana, su masu gidan dutse suna ciki, masu yi musu aiki suna waje. Bukka ta koma langa-langa, langa-langa ta koma bulo, shi ya sa ka ga gininmu sabo ne. Ginin ne sabo, zaman ba sabo ba ne.

Injiniya_Kilo7
Baba, na karɓi gyara, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ne akwai ƙauyuka a wajen ganuwa tun da can, har da Ruwais da Nuzla Yamaniyya da Bani Malik. Sai dai kwamiti in ya zo, gini yake dubawa da takarda. Ba ya da wani gurbi a fom ɗinsa da zai rubuta cewa mutanen nan kakanninsu sun shekara ɗari a nan. Wannan shi ne gibin, kuma ban ce daidai ba ne.

AbuNasir_Guwaiza
Ni zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, ranar da alhazai ke fita Mina, ina Guwaiza. Da idona na ga ruwa ya ɗauko motoci yana jibga su kan juna kamar kwanuka. Mutum sama da 100 suka rasu a Jidda a ambaliyar nan. Me ya jawo? An yi gini a bakin kwari, a kan hanyar ruwa, ba magudana. Tun ranar na daina ganin tsarin gari a matsayin maganar 'yan boko.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, unguwannin nan da muke kuka a kansu mun san yadda suke. Lungun da motar kashe gobara ba ta shiga. Wayoyin wuta a sarƙe kamar saƙar gizo. Ruwan masai yana malala, sauro, zazzaɓin dengi duk shekara. An taɓa gobara kusa da gidan yayata a Karantina, da bokiti aka yi ta fama har ɗakuna uku suka cinye. In mace ta fara naƙuda cikin dare sai an ɗauko ta a kujera zuwa bakin titi. Ga masu sayar da ƙwaya da suka lalata mana yara. Wannan ma tarihi ne da za a adana?

Ina tausayin kowa, ni ma 'yan'uwana abin ya shafa. Amma ba zan ce a bar wuraren yadda suke ba.

Ummu_Hafsa
Malam AbuNasir, ba wanda ya ce Gulail aljanna ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu muka kwana da sauron. Maganar ita ce yadda abin ya zo.

Mu dai mun wayi gari mun ga jan rubutu a bango. Kafin mu gama tattara hankalinmu an yanke wuta. Masu dabbab, ƙananan motocin kaya, da masu manyan motocin suka ninka kuɗi, wanda ka saba ba shi ɗari ya ce sai ɗari uku, kuma in ka tsaya ciniki wani ya ɗauke shi. Firjina a bakin titi na sayar da shi kuɗin da bai kai na buhun shinkafa biyu ba, don ba inda zan kai shi. Mun yi mako uku mu tara a ɗaki ɗaya gidan ƙanin maigidana. Da muka samu shagga, wato sashen haya a bene, mai gidan ya ga a matse muke, ya sa kuɗin da ya kusa ninka abin da muke biya a da, kuma ya ce na wata shida a dunƙule.

Duk wannan kuɗi ne, ana mayarwa. Abin da bai dawo ba shi ne mutane. A lungunmu in na tafi aiki, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ita ke riƙe min yara. In an yi rasuwa kafin azahar tukwane sun hau wuta ba wanda ya roƙi kowa. Adashinmu na mata ashirin da biyu ya watse, wata tana Bahra, wata Harazat, wata ta koma Zinder gaba ɗaya. Yanzu shekara nawa a benen nan, maƙwabciyata ta ƙofa da ƙofa ban san sunanta ba.

Mai_Kula_Da_Zaure
'Yan'uwa, tunatarwa. Kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da ya sani, ba zagi, ba kiran sunan kowa da mummuna, ba yaɗa jita-jita. Mun san ƙasar da muke zaune da dokokinta. Wanda ya ƙetare zan cire rubutunsa. A ci gaba, muhawarar tana da amfani.

Sadiya_Daif
Don Allah wai an biya diyya kuwa? Mu nan Ɗa'if labari kawai muke ji, wani ya ce an biya, wani ya ce ko sisi.

Hausawi_Jiddawi
'Yar'uwa Sadiya, dukansu gaskiya suka faɗa miki, ya danganta da wanda kika tambaya. Ni ɗan ƙasa ne, kakana ne ya samu jinsiyya, don haka na bi layin da kaina.

Tsarin shi ne, mai sak ana biyansa kuɗin fili da na gini. Wanda ba shi da sak, ginin kawai ake ƙiyasta masa, abin da suke kira ankad, fili kuwa na gwamnati ne. Iyalai 'yan ƙasa masu ƙaramin ƙarfi an sama wa wasunsu matsuguni. Amma duk wannan na 'yan ƙasa ne. Ɗan haya ba shi da diyya. Baƙo mai iƙama, takardar izinin zama, kuma, ko a gidan aka yanke masa cibiya, ba ya cikin lissafin.

Inda abin ya fi ciwo shi ne gidajen da mutanenmu suka gina da guminsu amma aka rubuta da sunan wani, don su doka ba ta ba su damar mallaka ba. Wasu masu sunan sun ji tsoron Allah sun miƙa kuɗin. Wasu sun kashe waya. Na san wani dattijo da ya yi shekara arba'in yana faci ya gina ɗakuna shida, ya tashi da katifa da buta.

Matashi_Fagge
Ai duk wannan don aikin Jeddah Central aka yi. An kori talaka za a gina gidan wasa da filin ƙwallo a wurin.

Injiniya_Kilo7
Ƙanena, a nan ka haɗa abu biyu. Jeddah Central an sanar da shi a Disamba 2021, riyal biliyan 75, fili murabba'in mita miliyan 5.7, kuma a bakin teku yake, can wajen tsohuwar tashar tace ruwa. Ba a kan Sabil ko Gulail zai zauna ba. Lokacinsu ne ya zo ɗaya shi ya sa mutane ke gwama su. Je ka duba da idonka, yawancin filayen kudu har yanzu a share suke. Abin da za a yi da su tambaya ce mai kyau, amma kada mu amsa ta da abin da ba mu tabbatar ba.

Kafinta_Balad
Ni bari in yi magana a kan ɓangaren da na sani, don da hannuna nake taɓa gidajen nan. Kafinta ne ni, na yi aiki a gyaran wasu daga ciki.

DanSabil, da ka ce can tsoho nan tsoho, wallahi ba ɗaya ba ne. Bangon gidan Balad da dutsen murjani aka yi shi, wanda ake haƙowa a gaɓar teku, suna ce masa mangabi. Dutse ne mara nauyi mai huda-huda, in ka kankare shi da wuƙa sai ka ga sawun halittun ruwa a jikinsa. Bayan kowane 'yan layuka na dutse sai a shimfiɗa katako a kwance cikin bango, takalil ke nan. Amfaninsa, in ƙasa ta motsa ko dutse ya ruɓe a ƙasa, katakon zai riƙe na sama har a zare ruɓaɓɓen a sa wani. Rufi kuma da sandunan wani icce ne da ake kira gandal, kamar yadda muke jera azara a gida. Shi ya sa ɗakunansu ba su da faɗi, tsawon sanda shi ke yanke faɗin ɗaki, daidai da soron Kano.

Roshan kuwa ba ado ba ne kawai. Akwai wanda muka sauke, guntayen katako sun fi ɗari, yawanci a tsarge suke cikin juna. Ka zauna a cikinsa da azahar iska na shigowa, kana ganin mai wucewa shi ba ya ganinka. Mun yi wata biyu a kan guda ɗaya.

Babban abokin gabar gidajen nan siminti ne. Wasu a baya sun yi musu yaɓe da shi da niyyar gyara, sai ya kulle danshi da gishiri a ciki, dutsen ya koma gari. Yanzu sai an kankare shi an mayar da nura, farar ƙasa, don bango ya riƙa numfashi. Duk wanda ya ga yadda siminti ke ɓallo katangar tubali a gida, wadda da makuba aka saba shafe ta, ya san abin da nake nufi.

Irin wannan gini in ya faɗi ba mai sake yin sa. Gidan bulo kuwa ko gobe a yi dubu. Ban raina Sabil ba, a Kandara na yi ƙuruciyata, ita ma ta tafi.

Malam_Agadas
Kafinta ya burge ni. Amma ina da abin ƙarawa. Garinmu Agadas ya shiga rajistar UNESCO a 2013, shekara ɗaya kafin Jidda. Abin da aka yi wa rajista ba masallacin mai doguwar hasumiya da fadar Sarkin Abzin kaɗai ba ne, har da unguwannin tsohon gari, gidajen ƙasa na talakawa da mutanensu a ciki. Wato ana iya cewa zaman mutane da tsarin lungunansu shi kansa abin adanawa ne. Sai dai yana da nasa wahala, don mai gida ba ya da ikon ya rushe ya yi na siminti yadda ya ga dama, kuma in damina ta yi ƙarfi shi ke kwana da fargaba.

Matashi_Fagge
Na gode da gyara Injiniya. Malam_Agadas, ku kun yi sa'a. Mu a Kano badala a gabanmu ake cinye ta, ana yanka ta fuloti ana ɗibar ƙasarta. Ƙofar Na'isa a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi, aka yi sabuwa. Ganuwar Kano tun 2007 take jerin jiran UNESCO. Gara nan, ko ba komai abin da suka ce za su adana sun adana shi.

Dan_Maiwurno
Salamu alaikum. Ni daga Sudan nake, yaƙin nan ne ya kawo ni Jidda wajen ɗan'uwana. Baba_Hindawiyya, da ka ambaci Sawakin sai da gabana ya faɗi, domin hanyar da mahaifinka ya bi ita kakanninmu suka biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, sai su suka tsaya a bakin Shuɗin Nilu tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru.

Sawakin ƙanwar Jidda ce, dutse iri ɗaya, roshan iri ɗaya. Da Turawan Ingila suka gina Bur Sudan, aka buɗe tashar a 1909, sai fatake suka kwashe suka koma can. Ba wanda ya rushe Sawakin da katafila. Barin ta aka yi, ta zube da kanta. Na je a 2015, tsibirin tarin duwatsu ne, sai ka ga rabin bango a tsaye da taga a sama ba ɗaki a bayanta, akuyoyi na hawa. Turkiyya ta gyara masallatan Hanafi da Shafi'i da wasu gine-gine, shugabansu ma ya je a 2017, amma yawancin gidajen sun riga sun tafi. To wanda ya ga Sawakin ba zai ce kuɗin da ake kashe wa Balad asara ba ne.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, abin da ya samu Ummu_Hafsa mun san shi. A Khartum akwai unguwar mutanenmu da ake kira Ishash Fallata. A farkon shekarun 1990 aka tashe ta aka mayar da mutane Ingaz, can kudu. Bambancin shi ne an kwashe su ne wuri ɗaya, maƙwabci ya sake samun maƙwabcinsa. An sha wahala, amma unguwar ba ta mutu ba, wuri ta sauya.

Ummu_Hafsa
Kai, Malam, da haka aka yi mana ai da da sauƙi. Ko a bayan dutse ne, in dai tare.

Hajiya_ShariMansur
'Ya'yana, ku na Jidda yau kuka fara gani. Mu a Makka da shi muka tsufa. Ina gani aka sauke ƙal'ar Ajyad, tsohon sansanin tsaro na Turkawa, a 2002, har dutsen da take kai aka baje, wurin da dogon agogon nan yake yanzu. A 2008 rusau ya shiga unguwar Shamiyya. Jabal Umar ma unguwa ce ta mutane kafin otal-otal. Sannan aikin babbar hanyar nan da ake kira "Masar Makka" ya ratsa ta tsakiyar unguwanninmu ya wuce. Ni sau uku ina tashi, kowane tashi ina ƙara nisa da Harami. Da ina jin kiran salla in taka in samu jam'i, yanzu sai na shiga mota biyu.

Abin da ke ba ni mamaki, tsiren da iyayenmu suka kawo, 'yan Makka sun karɓe shi suna ce masa siriye, har ana lissafa shi cikin abincin gari. Ka je Hosh Bakar ka ga yadda Larabawa ke layi. To abincinmu ya shiga tarihin gari, amma lungun da aka fara gasa shi ba wanda ya rubuta sunansa.

Dalibin_Madina
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ina ganin ya kamata mu ware maganar Harami daban. Faɗaɗa masallaci don alhazai yana da asali tun zamanin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. A shekara ta 17 bayan hijira ya sayi gidajen da ke kewaye da Ka'aba ya rushe su, waɗanda suka ƙi sayarwa ya ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. Sayyidina Usman ma ya yi haka. Malamai daga nan suka ɗauko hukuncin karɓar mallakar mutum don maslahar jama'a, da sharaɗin a biya shi daidai ƙima. Miliyoyin da ke ɗawafi yanzu, tsohon masallacin ba zai ɗauke su ba.

Hajiya_ShariMansur
Ɗana, ban yi jayayya da faɗaɗa ɗakin Allah ba, ko kaina aka ce in bayar zan bayar. Amma ka ce an ajiye wa masu gida kuɗinsu. Wanda ke haya a gidan fa, me littafin ya ce a kansa? Da gaske nake tambaya, ka bincika mana wajen malamanku.

Dalibin_Madina
In sha Allahu zan tambaya, Hajiya, in kawo amsar nan.

DanSabil_77
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Kafinta, na yarda gidanmu na bulo ba sa'an Baitu Nasif ba ne, gidan da aka gama tun 1881, har Sarki Abdul'aziz ya sauka a cikinsa a 1925. AbuNasir, ni ma na ɗebi ruwa da bokiti a gobara, ban manta ba.

Amma har yanzu maganar Baba ce ke min yawo a kai. Sunan da UNESCO ta ba wurin shi ne ƙofar Makka, saboda alhazan da suka riƙa sauka nan tun Sayyidina Usman ya mayar da Jidda tashar Makka. To alhazan nan su wane ne? Ba kakanninmu na ciki ba? Na zaga da baƙona, na karanta allunan da na gani, sunayen gidajen attajirai ne. Ban ce a bar Sabil a tsaye ba. Amma ko lungu ɗaya, ko zaure ɗaya, ko allo ɗaya da zai ce nan Takari suka zauna?

Kafinta_Balad
Wannan kam ina tare da kai. Kuma akwai abin da ba a faɗa. Da masu gidajen Balad suka koma arewacin gari zamanin kuɗin fetur, wa ya zauna a ciki? 'Yan Yaman, Somaliyawa, 'yan Indiya da Pakistan, da mutanenmu. Gidan mangabi in an rufe shi ba kowa, danshi da gara ke cinye shi. Waɗannan 'yan hayar su suka riƙa buɗe taga, suna toshe yoyo, shekara arba'in. A wani gida da muka yi aiki, a bayan ƙofar wani ɗaki na ga an rubuta lissafin adashi da ajami, da Hausa. Na ɗauki hotonsa kafin a shafe.

AbuNasir_Guwaiza
Kafinta, ka faɗi rabi. 'Yan hayar nan kuma su suka riƙa yanka ɗaki ɗaya gida uku da filawud, suna jan wayar wuta ta cikin katako, suna fasa bango su sa na'urar sanyaya ɗaki ruwanta na ɗiga cikin dutse. Gobara nawa aka yi a Balad? Ba laifinsu kaɗai ba ne, masu gidan haya kawai suke karɓa. Amma kada mu mayar da abin kamar mu muka ceci garin.

Kafinta_Balad
Haka ne, duka biyun na gani da idona. Wanda aka zauna aka ɓata, da wanda aka rufe ya rufta.

Hausawi_Jiddawi
DanSabil, game da allo da kake magana. Akwai Hukumar Turas, mai kula da kayan tarihi, da aka kafa a 2020, kuma aikinta bai tsaya kan gini ba, tana rajistar al'adu da sana'o'i. Darat Malik Abdul'aziz, cibiyar adana tarihi da ke Riyad, ita ma tana tattara tarihin baka. Ƙofa dai akwai. Matsalar daga wajenmu ma take: da yawa cikin 'yan ƙasa masu asalin Hausa ba sa son a tuna musu da bukka. Ni kaina ina saurayi in kakata ta yi min Hausa a kasuwa sai in amsa da Larabci. Yanzu da ta rasu nake cizon yatsa. In mu ba mu kai tarihinmu ba, kwamiti ba zai zo nemansa ba.

Baba_Hindawiyya
Ɗana Hausawi, ka yi gaskiya. Ni shekarata saba'in da takwas. Zan iya lissafa muku lungunan Hindawiyya ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya haƙa rijiya, da malamin da ya fara buɗe makarantar allo, da inda mahauta ke zama, da gidan da alhazan Katsina ke sauka, da na Barebari. Waɗanda muka san wannan ba mu fi a ƙirga da yatsu ba, bara ma biyu suka tafi. Jikata ce ke rubuta min wannan, hannuna ba ya iya waya. In akwai mai zuwa da na'ura ya ɗauka, ƙofata a buɗe take bayan la'asar, ban da Litinin da Alhamis.

Injiniya_Kilo7
Baba, ni zan kawo tsohuwar taswira da hoton sama na kafin rusau, sai ka riƙa nunawa muna sa suna. Wata shawara kuma ga masu neman gida: kafin ku biya, ku tambaya ko unguwar tana da mukhaɗɗaɗ kuma gidan yana da sak, sannan a rubuta hayar a Ijar, manhajar gwamnati ta rajistar haya. Har yanzu akwai masu ba da hayar gidan da su kansu sun san ba zai daɗe ba.

Sadiya_Daif
Injiniya, Ijar ai sai mai iƙama mai rai. Waɗanda aka haifa a nan ba su da takarda fa, ina za su sa kansu? Su ne fa suka fi yawa a waɗanda na sani.

Ummu_Hafsa
Sadiya, wannan wata muhawarar ce mai zaman kanta, a buɗe mata nata zaren. Ni dai roƙona, duk wanda ya zauna a Gulail ta wajen kasuwa, in ya san inda tsohuwar nan mai fura 'yar Damagaram ta koma, wadda ke zama gindin tankin ruwa, ya yi min magana ta gefe. Ita ta yi min wankan jego na 'ya'yana uku, ban samu na yi mata sallama ba.

DanSabil_77
Baba, ranar Asabar bayan la'asar ina tafe in sha Allahu. Kafinta, don Allah turo min hoton ajamin nan. Kuma wa ya tuna sunan masallacin da ke bayan masu gyaran keke a Sabil, mai koren ƙofa? Da hasumiyarsa na auna gidanmu, amma sunan ya ɓace min.